Lasisin Masu Koyar da Hawan Doki: Wa Doka Za Ta Kama, Wa Za Ta Ƙyale?

A karkarar Kano da Jigawa, mutumin da ya ga dama ya ɗora ɗan wani a kan doki, ya miƙa masa linzami, ya karɓi kuɗi a kan haka, ba ya bi ta wani ofishi kafin ya fara, kuma babu jami'in da ke zuwa ya duba dokin, ko sirdin, ko shi kansa mutumin. Makarantar koyon tuƙin mota sai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta tantance ta, wanda zai taɓa dabba da sunan likita sai ya yi rajista da majalisar likitocin dabbobi, malamin aji ma akwai hukumar da doka ta kafa tun 1993 domin ta yi masa rajista. Shi kuwa doki, wanda nauyinsa kan kai kilo 300 ko fiye, wanda idan ya saki ƙafa yakan haura kilomita 40 a sa'a guda, wanda kuma yake da tsoro da fushi irin nasa, an bar koyar da hawansa a hannun duk wanda ya ce ya iya. Saboda haka ya dace a tambaya ko lokaci ya yi da gwamnati za ta shigo da lasisi cikin wannan sana'a, kuma idan za ta shigo da shi, a wuyan wa za ta rataya shi.

Ni dai ina ganin ana buƙatar lasisin, amma a wuri guda, wato inda kuɗi ya shiga tsakanin mai doki da mai hawa. Uban da yake koya wa ɗansa a bayan gida, da dattijon da yake rainon yaran bargar hakimi, ba daga gare su ɓarnar take fitowa ba, kuma dokar da ta fara da su za ta rushe abin da ya kamata ta kare. Ba za a ga dalilin wannan rarrabewa ba sai an duba yadda ake koyon doki a da, da abin da ya sauya.

A ƙasar Hausa barga ce makarantar hawa. Yaron da aka kai bargar sarki, ko ta hakimi, ko ta wani attajiri, yakan daɗe bai sa ƙafa a likkafa ba. Aikinsa na farko sharar turke ne da kwashe kashi, sai yankan ciyawa da damina, da ɗaukar harawa da rani, da jiƙa dusa, da sanin ranar da ake ba doki kanwa da gwargwadon da ake ba shi. Daga nan a bar shi ya ja doki da ragama zuwa ban ruwa, inda zai gane da jikinsa cewa ba a ɓullo wa doki ta baya ba tare da an yi masa magana ba, kuma kunnuwan da suka kwanta baya gargaɗi ne. Sai ya iya ɗaura sirdi, ya san yadda ake gyara huhu domin kada katako ya ci bayan dokin, ya san akwai dokin da yake kumbura ciki sa'ad da ake jan majayi, don haka sai an ɗan zagaya da shi an sake ja. Bayan duk wannan ne ake barinsa ya hau, kuma a kan tsohon doki mai sanyin hali, wanda ya ga jiya ya ga yau, ba a kan ingarma mai tashe ba. Horo ne na shekaru, ana gwada yaro kullum, a gaban mutumin da idan yaron ya karye shi za a kira.

Wannan na ƙarshe shi ne ginshiƙin tsarin: an san mai alhaki. A fadar Kano akwai Shamaki, wanda asalin sarautarsa kula da bargar sarki ne, akwai Madaki, jagoran mayaƙan dawaki a zamanin yaƙi, akwai Sarkin Dawaki Mai Tuta da Sarkin Dawakin Tsakar Gida. Tarihin Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Kanajeji, wajen 1390 zuwa 1410, aka shigo da lifidi da sulke da kwalkwali, kuma ana danganta bunƙasar hawan sallah da Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Doki kayan yaƙi ne da mulki, mai tsada ƙwarai, ba a sakinsa a hannun wanda ba a yarda da shi ba. Izinin koyarwa yana nan tun tuni, sai dai ba a takarda yake ba, yardar ubangida ce da shaidar tsara. Haka abin yake a sauran sana'o'i, inda Sarkin Aska ya san wanzamin da ya isa ya yi kaciya, Sarkin Pawa ya san mahaucin da ya isa ya kafa tebur.

Abin da ya sauya shi ne doki ya fita daga barga ya shiga kasuwar haya. Yau saurayi ba ya buƙatar share turke ko sau ɗaya kafin ya hau, kuɗin yini kawai ake nema a wurinsa. Hawan angwanci, da kilisar yamma, da rakiyar 'yan siyasa, da ɗaukar hoton da za a sa a Facebook ko TikTok, duk sun buɗe ciniki ga mutumin da ya sayo doki biyu ko uku a kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya ɗaure su a kango. Wannan mutum, ko ya so ko bai so ba, ya zama malamin hawa, domin duk wanda ya zo haya bai iya ba shi zai nuna masa, darasin kuwa ba ya wuce 'yan mintuna: riƙe nan, ja nan idan kana so ya tsaya, kada ka ji tsoro. Ba duk masu haya ne haka ba. Da yawansu 'ya'yan barga ne da suka gaji doki kaka da kakanni, kuma hayar ce take ciyar da dokin yanzu da buhun dusa da damin harawa suka yi tsada. Matsalar ita ce uban yaro ba shi da hanyar da zai bambance irin wannan gwani da wanda ya shigo harkar bara.

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin titi a garin hakimi ranar ɗaurin aure ya san abin da ke biyo baya. Yaro ɗan shekara 14 yana kan ingarma, an naɗa masa rawani har ya tare masa gefen ido, silifas ne a ƙafarsa, ƙafar kuma ta nutse cikin likkafa har dunduniya domin da ƙafar babba aka auna igiyar. Makaɗa suna gaba, babura suna baya suna ta danna oda. Dokin ya zabura, yaron ya yi abin da duk mai tsoro zai yi, ya finciki linzami da hannu biyu, ya matse ƙafafu. Linzaminmu na gargajiya mai zafin aiki ne, ƙarfensa yana danna ganɗa da haɓa a lokaci guda, an ƙera shi ne domin hannun gwani wanda taɓawa kaɗan ta ishe shi, gefen likkafa kuma yana sukar cikin doki ya yi aikin kaimi. Wato yaron yana ce wa dokin tsaya da hannunsa, yana ce masa ruga da ƙafarsa. Dokin da aka rikita haka ko dai ya miƙe tsaye da ƙafa biyu, ko ya kwasa a guje a kan kwalta, inda kofato ba ya kama ƙasa. Kan mahayi yana sama da mita 2 daga ƙasa, faɗuwa daga nan ba hular kwano ta isa ta kashe mutum, kuma raunin kai ne kan gaba cikin abin da ke kashe mahaya. Mafi muni shi ne ƙafa ta maƙale a likkafa doki ya ja mutum. Kowane ɗaya daga kurakuran nan, tun daga zaɓen dokin har tsawon igiyar likkafa, an tafka shi tun kafin a bar gida, kuma ba yaron ne ya tafka shi ba.

Amsar da hukuma ta saba bayarwa ita ce hani. Rundunar 'yan sandan Kano ta sha sanar da haramta kilisa, musamman a lokutan sallah, saboda haɗurra da kuma 'yan daba da ke fakewa da taron, kuma a 2024 da 2025 har hawan sallah kansa an dakatar, ko da yake dalilin wannan tsaro ne da taƙaddamar masarauta. Ana iya fahimtar hanin, domin wanda aka ɗora wa tsaron rayuka ba zai zuba ido ba. Sai dai hani yaron da ke kan doki yake kamawa a titi, ya bar wanda ya ɗora shi, an bar jaki ana dukan taiki ke nan, kuma da sallah ta wuce komai yake komawa yadda yake. Ga kuma wani abin lura. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta sanya hawan sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya, kuma al'adar da aka ɗaga haka tana buƙatar sababbin mahaya, su kuma suna buƙatar wanda zai koya musu da kyau.

Ƙasashen da suka riga mu shiga wannan batu ba hanya ɗaya suka bi ba, kuma bambancin hanyoyin nasu ne ya fi amfani a gare mu. Faransa mutum ta kama. A dokarta ta wasanni, ba wanda zai koyar da hawan doki, ko wani wasan motsa jiki, a biya shi, sai yana da takardar shaidar da gwamnati ta amince da ita. Wadda aka fi sani a fannin doki ita ce BPJEPS, wadda ake samu bayan an ci gwajin hawa na shiga an kuma yi horo tsakanin aji da barga. Bayan takardar sai mutum ya karɓi katin sana'a da ake sabuntawa duk shekara 5, ana kuma duba ko kotu ta taɓa kama shi da manyan laifuka, musamman waɗanda suka shafi yara. Wanda ya koyar don kuɗi ba tare da cika wannan ba yana iya fuskantar ɗaurin shekara 1 da tarar Yuro 15,000. A lura cewa sharaɗin takardar a kan biya ya rataya, mai koyarwa kyauta bai shiga ciki ba. Tsarin yana aiki ne domin akwai abin da ya tallafe shi, cibiyoyin horo a sassan ƙasar, da tsohuwar makarantar dawaki ta Somur, da jami'an da ke zagayawa suna dubawa. Jihar da ta kwafi hukuncin alhali ba ta gina makarantun ba, za ta wayi gari ne kawai ta mai da kowane mai doki mai laifi.

A Amurka kowace jiha da nata tsarin. Jihar Masacusets ce ta yi fice, domin a can sai sashen aikin gona na jihar ya ba mutum lasisi kafin ya koyar da hawa don kuɗi. Sai ya kai shekara 18, ya yi wata 6 yana koyo a ƙarƙashin mai lasisi, a ciki ya koyar na sa'a 60 a gaban idon malaminsa, sannan ya ci jarrabawar rubutu. Bargar da ke ba da haya ko darasi ita ma da nata lasisin daban. Sauran jihohi galibi sun bar abin ga ƙungiyoyi masu zaman kansu da ke ba da shaidar ƙwarewa, da kamfanonin inshora, da kotu. Akasarinsu suna da dokar da ta ce wanda ya hau doki ya yarda da haɗarin da ke tattare da halin doki, amma mai barga ba zai kuɓuta ba idan ya ba da sirdi ko linzami mai aibi yana sane, ko ya miƙa doki ba tare da ya yi ƙoƙarin auna iyawar mai hawa ba. Abin ɗauka daga Masacusets shi ne zaman nan a ƙarƙashin gwani, wanda ya yi kama da bargarmu. Jarrabawar rubutu kuwa a bar musu, domin alƙalami ba ya nuna ko mutum yana da hannun linzami.

Ingila ta ɓullo ta wani gefen, ta kama barga da doki. Tun dokokin 1964 da 1970, waɗanda ƙa'idojin 2018 suka maye gurbinsu, duk mai ba da hayar dawaki don hawa ko don koyarwa sai ya karɓi lasisi daga ƙaramar hukumarsa. Likitan dabbobi yana duba dawakin duk shekara, ana duba kayan hawa da wurin kwana, dole a yi inshorar da za ta biya wanda ya ji rauni, ba a ba da hayar dokin da bai kai shekara 3 ba, ko goɗiya mai tsohon ciki, ko wadda ba ta yaye ɗanta ba. Ana ba barga tauraro daga 1 zuwa 5, kuma mai tauraro da yawa lasisinsa ya fi daɗewa, har ya kai shekara 3. Malamin da ke zuwa ya koya wa mutum a kan dokin mutumin na kansa ba ya buƙatar lasisin gwamnati, shaidar ƙungiyoyi irin su Ƙungiyar Dawaki ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1947, ita ce take jawo masa ɗalibai. Akwai kuma wani sharaɗi a ƙa'idar ta Ingila da ya fi komai dacewa da mu, cewa mai lasisi ko dai ya kasance da takardar shaida, ko kuma ya nuna yana da isasshiyar gogewa a riƙon dawaki. Ƙasar da ta fi mu yawan takardu nesa ba kusa ba, ba ta kori gwanin da ba shi da takarda ba.

Wani zai ce duk wannan kayan aro ne, mu ba mu san shi ba. Ba haka ba ne. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano da Haɗeja da Ringim sun daɗe da yanke cewa mahayin dabba, da mai janta ta gaba, da mai korarta ta baya, su ne masu lamunin abin da ta taka, kuma haka yake a Risala ta Ibn Abi Zaid. Akwai kuma hadisin da ya nuna cewa wanda ya shiga aikin magani alhali ba a san shi da sanin magani ba, shi ne mai lamuni. Ƙa'idar a fili take, wanda ya tsaya a matsayin masani ya karɓi amanar jikin mutum, idan ba masanin ba ne, ɓarnar tana wuyansa. Jihohin Kano da Jigawa suna da kotunan shari'ar Musulunci, kundin hukunta laifuka na Arewa ma ya haramta zaluntar dabba. Amma duk waɗannan bayan an karye ko an mutu suke aiki, kuma mun san yadda abin yake ƙarewa a ƙauye. A zo gaisuwa, a ce ƙaddara ce, iyaye su yafe domin mai dokin maƙwabci ne ko suruki. Yafiya abu ne mai kyau, ba mai hana ta, sai dai ba ta hana a ɗora wani yaron a kan wannan dokin mako mai zuwa. Abin da lasisi yake ƙarawa shi ne a tambayi mutum ko ya iya tun kafin haɗari ya auku.

To idan za a yi, hanyar Ingila ce ta fi kusa da halinmu, a haɗa ta da koyo a hannun gwani da muka gada. Mai haya yana da wuri, yana da turke, mai unguwa ya san shi, ana iya zuwa a same shi. Malamin hawa a matsayin sana'a mai zaman kanta kuwa bai cika samuwa a karkararmu ba, sai dai a wuraren ƙwallon dawaki na birane, don haka dokar da ta ce malami kawai iska za ta kama. Sai a rubuta ta da aikin da ake yi, wato duk wanda ya ba da doki don a hau, ko ya koyar da hawa, a kan lada. Bayan haka, kaso mai yawa na haɗarin a jikin dokin yake da kayansa. Dokin da ke da gyambo a ƙarƙashin sirdi, an lulluɓe shi da jalala mai ado ba a gani, shi ne yake tutsu idan an zauna masa. Duƙushin da aka fara sukuwa da shi yana shekara 2, alhali ƙasusuwan doki ba sa gama ƙwari sai wajen shekara 5 zuwa 6, shi ne yake durƙushewa. Majayin da ya tsufa aka ɗinke shi da igiyar buhu shi ne yake tsinkewa a tsakiyar zamiya. Malamin dabbobi da tsohon ɗan barga za su gano waɗannan cikin ɗan lokaci idan aka sauke kaya, aka shafa bayan dokin da tafin hannu, aka ɗaga kofato, aka buɗe baki aka duba haƙori da gefen leɓe inda ƙarfe yake ci. Ziyarar tana da wata riba kuma, domin dokin haya gari-gari yake yawo, kuma murar dawaki da ta ɓarke daga ƙarshen 2018 zuwa 2019 a yankin Sakkwato da Nijar da wasu ƙasashen Afirka ta Yamma, ta halaka jakuna masu yawa, ta nuna yadda cuta take bin sawun dabba.

Sai batun wanda zai ba da lasisin. Tsarin mulkin 1999, a jadawali na huɗu, ya ba ƙananan hukumomi ikon ba da lasisin kekuna da amalanke da baro da kwalekwale, don haka sakatariyar ƙaramar hukuma ce mazaunin da ya fi dacewa, Kano tana da 44, Jigawa tana da 27. Amma majalisar dokokin jiha ce ya kamata ta tsara ƙa'ida ɗaya, jihohin biyu kuma su yarda da takardar juna, domin kada dokin da aka yi wa rajista a Ringim a tare shi idan ya tsallaka biki a Gabasawa. Sakatariya dai ba ta san doki ba, masu saninsa suna fada da bargogin hakimai. Saboda haka gwajin a fili za a yi shi, a gaban ɗan ƙaramin kwamiti da ya ƙunshi malamin dabbobi, da dattawan barga, da wakilin masu dawakin yankin. A ba mutum dokin da bai sani ba ya ɗaura masa sirdi, ya hau, ya sauka. A kawo masa sabon shiga a ga dokin da zai zaɓar masa da abin da zai fara gaya masa. A tambaye shi da baki, da Hausa, abin da zai yi idan yaro ya faɗo ya suma. A wannan ta ƙarshe ce gwanayenmu da yawa za su buƙaci ƙarin ilimi, domin al'adar ɗaga wanda ya faɗi a girgiza shi, a zuba masa ruwa, a ɗora shi a babur, tana iya mai da tsagewar ƙashin wuya ta zama shanyewar jiki ta har abada, kuma ɗan gajeren horon taimakon gaggawa ya isa ya gyara wannan. Ba sabon abu ba ne a ba da shaida ga wanda ya koya a hannu, domin hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna, tana da tsarin tantance gwanintar da aka samu a wajen aji.

Sa hannun masarauta yana da nasa haɗarin, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. A Kano an raba masarauta gida biyar a 2019, an soke rabon a 2024, magana kuma ta kai kotu. Idan aka ba fada ikon hana mutum lasisi, ba abin da zai hana ya zama makamin ɓangaranci, a hana wane domin ya yi hawa a bayan wane. Fada ta ba da masu gwaji, amma sa hannu da sauraron ƙorafi su tsaya a hukuma. Jigawa, wadda masarautunta biyar na Dutse da Haɗeja da Gumel da Kazaure da Ringim ba su cikin irin wannan taƙaddama, ta fi sauƙin fara gwada tsarin, ko da a ƙananan hukumomi biyu ko uku ne.

Hular kwano ce za ta fi jawo gardama. Ingila ta wajabta ta, da wata doka ta 1990, ga yaran da ba su kai shekara 14 ba idan suna hawa a kan hanya. A nan za a ce ta ɓata ado, rawani ba ya zama a kanta. Ban ga dalilin taɓa rawanin hakimi ranar hawan sallah ba, amma yaron da ke koyo a bayan gari da yamma ba ado ya fito ba, kuma masu cewa baƙuwar al'ada ce su dubi 'yan lifidi, waɗanda kwalkwali yake kansu shekaru ɗaruruwa. Sharaɗi ne mai sauƙi a ce mai haya ya ajiye hula biyu ko uku masu girma daban-daban, kuma kada ya ɗora kowa da silifas. Inshora kuwa, maganar gaskiya, ba za ta yiwu a karkara yanzu ba, wajabta ta daidai yake da rufe sana'ar. Abin da zai yiwu shi ne asusun masu lasisi, kowa ya zuba wani abu duk wata domin kuɗin asibiti, daga baya a ƙulla shi da takaful, wato inshorar tsarin Musulunci, idan ya tsaya da ƙafarsa.

Babban abin da nake tsoro shi ne lasisin ya rikiɗe ya zama haraji. Mun ga takardu da yawa da suka koma rasit kawai, a biya, a buga hatimi, ba wanda ya duba komai. Lasisi irin wannan ya fi rashinsa muni, domin yana ba uba tabbacin ƙarya, ya saki ɗansa yana zaton an tantance mai dokin. Idan kuma kuɗin ya yi yawa, talakan da ke da doki ɗaya zai ɓuya ya ci gaba da haya a ɓoye, mai doki goma ya mallake kasuwa. Kada kuɗin ya wuce abin da doki ɗaya yake kawowa a yini, kada a ba 'yan kwangilar tara kuɗin shiga aikin, a liƙa sunayen masu lasisi a ƙofar hakimi inda kowane uba zai gani, kuma wanda ya ɗora ƙaramin yaro a kan ingarma ya sake shi a titi a ƙwace nasa a fili, ko yaron waye shi a gari.

Akwai abin da lasisi ba zai iya ba. Ba zai hana ɗan mai hali ya hau dokin ubansa ya yi sukuwa a tsakiyar kasuwa ba, ba zai kuma magance daba ba, wannan aikin 'yan sanda ne da dokar hanya. Haka nan ba a ce wa mai koyarwa ya sauka daga kwalta ba tare da an nuna masa inda zai je ba, alhali a garuruwa da yawa gine-gine sun cinye filayen da ake sukuwa a da. Ƙaramar hukumar da za ta karɓi kuɗin lasisi sai ta keɓe fili mai yashi nesa da titi ta hana a yanka shi fuloti. Lokacin dubawa ma sai an zaɓe shi da hankali. Maimakon a ɗaure shi da farkon shekarar kasafin kuɗi, a yi shi a Sha'aban da kuma Zulƙida, domin a makonnin da ke gaban sallah biyun nan ne ake sayo sababbin dawaki, ake ɗaukar sababbin yara, haya take tashi, kuma dokin da aka samu da gyambo a Sha'aban yana da watan azumi cur ya warke kafin a ɗaura masa sirdi ranar idi.